Darasin Lafiyar Iyali: Tsinken Auduga da Gwajin Cututtukan Numfashi

Manufar wannan darasi ita ce a fahimtar da iyaye, da masu jinya, da ma'aikatan ƙananan asibitoci na karkara, dalilin da ya sa likita yakan ce a zura tsinke mai auduga a hancin marar lafiya ko a maƙogwaronsa, da abin da ke faruwa da tsinken bayan an tafi da shi, da kuma yadda ya kamata a karɓi amsar da ta dawo. Mutane da yawa sun fara ganin wannan tsinke ne a shekarar 2020, lokacin annobar korona, har waɗansu suka zaci a lokacin ne aka ƙirƙiro shi. Amma ya girmi korona da fiye da shekara ɗari. Cutar da aka fara amfani da shi sosai dominta kuwa, wato mashaƙo, ta sāke tasowa a ƙasar nan tun ƙarshen shekarar 2022, ta kuwa ɗauke yara da yawa.

Kama da wane ba wane ba ne

Tari, da majina, da zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro, da numfashi da ƙyar, su ne alamun da jiki ke nunawa sa'ad da wata cuta ta kama hanyar iska, tun daga hanci har zuwa huhu. Alamun kaɗan ne, amma ƙwayoyin cutar da ke jawo su suna da yawa ƙwarai. Waɗansu daga dangin bakteriya suke, kamar masu kawo mashaƙo, da tarin shiƙa, da tarin fuka. Waɗansu kuwa daga dangin bairos suke, kamar masu kawo murar yau da kullum, da mura mai tsanani da ake kira infuluwenza, da korona. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana haihuwa, ana iya ganinta da madubin likita. Bairos ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya kuma iya yaɗuwa sai ya shiga cikin ƙwayar jikin mutum ko ta dabba, ya mai da ita ma'aikatarsa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci domin magani. Magungunan da ake kira antibayotik, irin su fenisilin da kafso iri iri da ake saya a kemis, bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos ko kaɗan. Iyalin da suka sayi kafso domin murar da bairos ya kawo sun yi asarar kuɗi, sun kuma koya wa bakteriyar da ke jikin yaron jure wa maganin, har ranar da za a bukace shi da gaske ya ƙi aiki. Iyalin da suka ɗauki mashaƙo a kan ciwon maƙogwaro na hunturu kuwa, asararsu ta fi ta kuɗi.

Kada a ga laifin uwar da ta kāsa rarrabewa, gama manyan masana ma sun ruɗe. A shekarar 1892 wani masani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya sami wata bakteriya a kākin masu fama da infuluwenza, ya ce ita ce ke kawo cutar. Aka yarda da shi shekara da shekaru, har lokacin babbar annobar 1918 wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya, ta kuma shigo Nijeriya ta Legas ta bazu cikin ƙasa. Sai a 1933 waɗansu masana uku a Landan suka ɗebi ruwan kurkurar maƙogwaron marasa lafiya, suka tace shi har babu bakteriyar da ta rage, suka ɗiga a hancin wata 'yar dabba mai kama da tunku, dabbar ta kamu da mura. Nan aka tabbatar bairos ne. Bakteriyar Pfeiffer har wa yau tana ɗauke da sunan infuluwenza, ko da yake ba ita ce mai laifin ba.

Yadda tsinken ya shigo aikin likita

Mashaƙo cuta ce da ta fi kama yara. Yaro yakan fara da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi kwana 2 zuwa 5 bayan ya ɗauki ƙwayar. Daga nan wata fata mai kauri, toka-toka, takan shimfiɗu a bayan maƙogwaro, wuya ya kumbura, murya ta dushe. Fatar tana iya toshe hanyar iska. Ban da wannan, bakteriyar tana fitar da dafi wanda jini ke kwasa zuwa zuciya da jijiyoyi, har yaron da aka ga kamar ya warke ya fāɗi bayan mako biyu ko uku saboda zuciyarsa ta raunana.

Edwin Klebs ne ya fara ganin ƙwayar a 1883, Friedrich Loeffler kuma ya yi nasarar renon ta a ɗakin gwaji a Jamus a 1884. Loeffler ya lura da wani abu da ya dame shi: ya sami ƙwayar a maƙogwaron wani yaro mai ƙoshin lafiya. Za a koma kan wannan a gaba. A 1888 Emile Roux da Alexandre Yersin a birnin Faris suka nuna cewa dafin ne ke kisa, a 1890 kuma Emil von Behring ya gano makarinsa, wanda daga baya aka riƙa samowa daga jinin dawakai. Saboda wannan aiki aka ba Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901.

Duk wannan sani yana ɗakunan gwaji na manyan birane, marasa lafiya kuwa suna gidajensu. Abin da ya haɗa su shi ne dabarar da hukumar lafiya ta birnin Niyok a Amurka ta fito da ita a 1893, a ƙarƙashin Hermann Biggs da William Park. Suka shirya 'yan akwatuna, kowanne da kwalabe biyu: ɗaya da tsinke mai auduga da aka tsabtace da zafi, ɗaya da abincin da ƙwayar mashaƙo ke so. Aka ajiye akwatunan a shagunan sayar da magani na unguwanni. Likita yakan ɗauki ɗaya kyauta, ya shafi maƙogwaron yaro, ya goga a kan abincin, ya mayar shagon. Ma'aikacin hukuma ya zagaya ya tattara, kashegari amsa ta fito. Da aka yi ta gwaji, sai aka ga kaso mai yawa na yaran da likitoci suka ce mashaƙo ne suke da shi, ba shi ba ne, waɗansu kuma da aka sallama a kan sun warke suna nan ɗauke da ƙwayar. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Tsarin nan na ɗauka a kusa da marar lafiya, a kai wurin da ke da kayan aiki, a dawo da amsa da sauri, shi ne ake bi har yau.

Inda ake ɗauka, da yadda ake ɗauka

Ɗakin gwaji ba ya ganin marar lafiya. Abin da ya manne a kan tsinken kaɗai yake gani. In tsinken bai kai inda ƙwayar take zaune ba, to ko na'urar miliyoyin naira ce, amsar da za ta bayar ita ce ba ta ga kome ba. Saboda haka mafi yawan wannan darasi ya rataya ne a kan hannun mai ɗauka.

Kowace ƙwaya da mazauninta. Ƙwayoyin infuluwenza, da tarin shiƙa, da mafi yawan bairos na numfashi, sun fi taruwa a wani lungu can bayan hanci, inda hanci ya sadu da saman maƙogwaro. Domin a kai wurin, mai ɗauka yakan sa safar hannu da takunkumi da abin kāre ido, ya zaunar da marar lafiya, ya ɗan ɗaga masa kai baya. Sa'an nan ya zura siririn tsinke mai lanƙwasuwa ta kafar hanci, yana bin ƙasan hancin kai tsaye zuwa baya, wajen kunne, ba sama wajen ido ba. Wannan shi ne kuskuren da sababbin hannu suka fi yi, domin ido yana ganin hanci kamar sama ya nufa, alhali hanyarsa kwance take a kan ganɗa. Zurfin da ake nema ya yi kusan nisan da ke tsakanin kafar hanci da ƙofar kunnen mutumin. In tsinken ya taɓa bangon baya, sai a juya shi a hankali, a bar shi 'yan daƙiƙu ya tsotsi danshi, a zaro shi ana juyawa. Hawaye yakan zubo, atishawa takan zo. Ba alamar rauni ba ce. In tsinken ya cije a hanya, ba a tura shi da ƙarfi, sai a koma ɗaya kafar, gama mutane da yawa bangon tsakiyar hancinsu a karkace yake.

Na maƙogwaro dabam ne. Akan danne harshe da ɗan katako mai faɗi, a haska fitila, a ce wa marar lafiya ya ce "aa", a shafi tsokar nan biyu da ke dama da hagu a ƙofar maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil, da bangon baya, musamman inda ya yi ja ko ya yi ruwa. Ana kiyayewa kada tsinken ya taɓa harshe, ko haƙora, ko kumatu, domin baki cike yake da bakteriya marasa cutarwa waɗanda za su cika farantin gwaji su rufe wadda ake nema, kamar yadda ciyawa ke cinye shuka. In mashaƙo ake zato, akan ɗauka daga maƙogwaro da hanci duka biyu, a bi gefen fatar nan mai toka-toka, a ɗan shiga ƙarƙashinta in ya yiwu, domin a nan ƙwayar take da rai. Wannan aikin wanda aka horar ne, a wurin da za a iya taimakon yaro in numfashinsa ya tsaya. Fatar tana manne da nama, in aka ɓamɓare ta jini yakan zuba, guntunta kuma yana iya faɗawa hanyar iska. A nan ya dace a yi magana a kan al'adar kai yaro mai ciwon maƙogwaro wurin wanzami a cire masa beli. In ciwon mashaƙo ne, askar ba ta rage kome daga dafin ba, ta dai ƙara rauni da zubar jini, ta kuma cinye kwanakin da ya kamata a ce yaron yana asibiti.

A lokacin korona an tabbatar cewa shafar gaban hanci kaɗai, wadda mutum ke iya yi wa kansa, tana wadatarwa ga waɗansu gwaje-gwaje. Wannan sauƙi ne na gaske, amma bai shafi kowace cuta ba. Tarin shiƙa, alal misali, har yanzu sai an kai can bayan hanci.

Tsinken kansa ma yana da ƙa'ida. Ana ce masa na auduga domin kamanni, amma wanda ake amfani da shi wajen neman bairos kansa na zaren roba ne, sandarsa ma ta roba. Audugar gaske da itace suna ɗauke da abubuwan da ke iya dagula gwajin zamani, auduga kuma takan riƙe abin da ta tsotsa ta ƙi saki. Irin da aka fi so yanzu kansa kamar ɗan buroshi yake, da gajerun gashin nailan a tsaitsaye, yana kwasa da yawa yana kuma saki da sauƙi. A farkon 2020 mafi yawan irin wannan tsinke daga kamfanoni biyu yake fitowa, Copan a arewacin Italiya da Puritan a Amurka. Da annoba ta game duniya, ƙasashe masu arziki da na'urori jingim suka tsaya cik domin rashin ɗan tsinke. Tsinken goge kunne da ake sayarwa a kasuwa ba ya maye gurbinsa.

Lokaci da tafiya

Ƙwayar cuta ba ta zama a hanci har abada. Bairos ɗin infuluwenza ya fi yawa a kwana 3 zuwa 4 na farkon ciwo, daga nan sai ya riƙa raguwa, maganinsa ma ya fi amfani in an fara shi cikin awa 48. Tarin shiƙa kuwa yana da wayo. A mako biyu na farko, lokacin da ƙwayar take da yawa kuma take da sauƙin kamawa, ciwon kamar mura yake, ba mai zaton kome. Sa'ad da tarin nan mai shiƙewa ya bayyana har kowa ya gane shi, ƙwayar ta fara ɓacewa, bayan mako 3 zuwa 4 kuma da wuya a same ta ko da gwaji mafi ƙarfi. Saboda haka jaririn da ke tari a gidan da wani babba ya daɗe yana tari, ya cancanci a kai shi tun da wuri.

Abu na biyu shi ne maganin da aka riga aka sha. Al'adar mutane ce a fara zuwa kemis, sai abin ya gagara a nufi asibiti. Kwana ɗaya ko biyu na antibayotik sun isa su hana ƙwayar mashaƙo tsirowa a ɗakin gwaji, alhali dafin da ta riga ta zuba yana nan yana aikinsa. Amsa ta dawo ba a ga kome ba, iyaye su saki jiki. Dokar ita ce a ɗauki samfur kafin a fara magani in hali ya yi. In kuwa an riga an sha, to a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, har a nuna masa kwalin, domin ya rubuta a takardar da ke bin samfurin. Ba wanda zai yi wa uwa faɗa a kan wannan da ya kai ɓarnar da ɓoyewar za ta yi.

Da an zaro tsinken, sai a tsoma shi cikin 'yar kwalba mai ruwan ajiya, a karya sandar a inda aka yi mata alama, a rufe gam, a rubuta suna da ranar ɗauka da wurin da aka ɗauka a jikin kwalbar nan take. Ruwan ajiya iri biyu ne, na bairos dabam, na bakteriya dabam, na bairos ma sau da yawa yana da antibayotik a ciki, saboda haka in aka saka tsinken mashaƙo a cikinsa an kashe abin da ake nema tun kafin ya bar gari. Samfurin bairos yana bukatar sanyi na digiri 2 zuwa 8, irin sanyin da ake ajiye allurar rigakafi, kuma ya isa ɗakin gwaji cikin awa 72. In zai wuce haka, sai an daskarar da shi a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri, abin da manyan ɗakunan gwaji kaɗai ke da shi. Firijin gida da ke daskarewa yana narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta ya fi lalata shi a kan kula mai ƙanƙara da aka kula da ita.

Duk wanda ya san hanyoyin karkara da damina ya san cewa a nan gizo ke saƙa. Samfurin da aka ɗauka daidai ranar Juma'a da yamma, ya kwana uku a aljihun direba, ya iso ranar Litinin da ɗumi, ba shi da sauran amfani, ko da yake za a gwada shi a rubuta amsa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da ya san ranar da mota ke tafiya, ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa tun kafin ya ɗauka, ya yi rabin aikin ɗakin gwaji.

Abin da ake yi da shi a can

Hanya mafi daɗewa ita ce shuka. Akan goga tsinken a kan faranti mai abincin bakteriya, a sa a akwatin ɗumi daidai da ɗumin jikin mutum, a jira kwana ɗaya ko biyu. Kowace ƙwaya mai rai takan hayayyafa ta zama ɗigo da ido ke gani. Domin mashaƙo akwai wani abinci na musamman da ke hana yawancin sauran bakteriya tsirowa, ita kuwa ta fito baƙa-baƙa. Ganinta kaɗai bai isa ba, gama akwai irinta da ba ta fitar da dafi. Sai an yi wani gwaji da Stephen Elek ya ƙago a Landan wajen 1949, wanda ke nuna ko tana fitar da dafin. Shuka tana da jinkiri, amma ita ce ke ba da ƙwaya mai rai da za a gwada wa magunguna a ga wanne ke kashe ta.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake kira PCR, wadda Kary Mullis ya ƙago a Amurka a 1983. Kowace ƙwayar cuta tana da rubutun halittarta, wanda ya bambanta da na kowace. Na'urar takan nemi wani ɗan yanki na rubutun, in ta same shi ta ninka shi biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. Wanda ya ɗauki ƙwayar gero ɗaya ya riƙa ninkawa haka sau 30 zai tashi da fiye da biliyan ɗaya. Da haka abin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai yakan yawaita har na'ura ta gan shi cikin 'yan awoyi. Da wannan hanya aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, a Legas, ranar 27 ga Fabrairu 2020. A lokacin ɗakunan gwajin da ke iya wannan aiki a ƙasar ana ƙirga su da yatsun hannu, kafin annobar ta lafa kuwa kusan kowace jiha ta samu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyin ita ce cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ta riga ta saba da aikin tun murar tsuntsaye ta 2006, lokacin da cutar ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji cikin Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kaji ma da tsinke ake ɗaukar samfurinsu.

Hanya ta uku ita ce gwajin nan take, mai kama da na zazzaɓin cizon sauro wanda kowa ya sani. Akan kaɗa tsinken cikin wani ruwa, a ɗiga a kan 'yar roba, a jira wajen minti 15. Layi biyu, an ga ƙwayar. Layi ɗaya, ba a gani ba. Yana da araha, ba ya bukatar wuta. Rauninsa shi ne ba ya ninka kome, sai ƙwayar tana da yawa yake ganinta.

Yadda ake karanta amsa

"Ba a gani ba" da "babu" ba ɗaya ba ne. Mai yiwuwa tsinken bai kai ba, ko an makara, ko an riga an sha magani, ko zafi ya lalata samfurin a hanya, ko kuwa ciwon ya sauka can cikin huhu ya bar hanci. Likitan da ya ga alamu masu ƙarfi yana da iko ya sāke gwaji, ko ya ci gaba da magani duk da amsar. Haka kuma "an gani" ba kullum yake nufin ita ce ke kawo ciwon ba. Yaron nan mai ƙoshin lafiya da Loeffler ya samu shi ne misali na farko: akwai mutanen da ke ɗauke da ƙwaya ba ta cuce su ba, amma suna iya ba waɗansu. PCR kuma ba ta rarrabe ƙwaya mai rai da gawarta, shi ya sa waɗansu da suka warke daga korona suka yi makonni gwajinsu yana nuna akwai.

A kan mashaƙo akwai doka ɗaya da ba ta da togiya: ba a jiran amsa. In likita ya ga alamun, yakan ɗauki samfur, ya ba da makarin dafi da antibayotik nan da nan, ya keɓe yaron. Makarin yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kawai, wanda ya riga ya shiga naman zuciya ya wuce hannunsa, saboda haka kowace rana ta jinkiri tana rage amfaninsa. Ko da magani, mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu cutar sukan rasu, ƙananan yara kuma abin ya fi tsanani a kansu.

Mai karatu zai iya tambaya, in ba za a jira amsar ba, mene ne amfanin gwajin? Amfaninsa ya wuce gadon marar lafiya ɗaya. Amsar ce ke sa hukuma ta aiko da makarin dafi da allurar rigakafi unguwar, ta bi sawun 'yan gida da 'yan aji ɗaya da abokan wasa, ta gwada su ta ba su magani kafin su kwanta. Ita ce kuma ke nuna ko ƙwayar ta fara ƙin jin maganin da ake bayarwa. Ɓarkewar mashaƙo da aka sanar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a Disamba 2022 ta fi tsanani a Kano, da Yobe, da Katsina, da Bauchi, da Borno, ta kuma taɓa jihohi da dama. Zuwa watan Maris 2025 cibiyar ta ƙirga fiye da mutum 25,000 da suka kamu, fiye da 1,300 kuma suka rasu, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 15 waɗanda ba a yi musu cikakken rigakafi ba. Cikin wannan adadi, waɗanda ɗakin gwaji ya tabbatar 'yan ɗaruruwa ne, saura da alamu aka gane su. Wannan tazara tana nuna yawan samfurin da ba a ɗauka ba, ko aka ɗauka a makare, ko ya lalace a hanya. Rigakafin cutar kuwa yana cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6, da na 10, da na 14.

Akwai wani ciwon maƙogwaro kuma da tsinken ke taimakawa a kansa, wanda ba a cika magana a kai ba. Wata bakteriya mai suna sitref takan kama yara 'yan makaranta, ciwon ya wuce da kansa cikin 'yan kwanaki. Amma a jikin waɗansu yara, bayan makonni, garkuwar jiki takan juya ta kama gaɓoɓi da ƙofofin zuciya, lahanin kuma ya bi mutum har girma, ya fi bayyana ga mata lokacin ciki. Fenisilin na kwana 10 yana hana wannan. Gwajin maƙogwaro ne ke rarrabe wannan yaro da sauran da bairos ya kama, waɗanda hutu da ruwan ɗumi suka ishe su.

Tarin fuka dai ba ta tsinken hanci ake nemansa ba, domin ƙwayarsa can cikin huhu take. Kāki ake bukata, wanda aka taro daga ƙirji, ba yawun baki ba. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da amsa cikin kamar awa 2, ta kuma nuna ko ƙwayar tana jin babban maganin cutar. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, wannan gwajin ya kamata ya nema.

Jita-jita

A lokacin korona an yi ta yaɗa cewa tsinken yana kaiwa ƙwaƙwalwa, ko da shi ake dasa cuta, ko ana saka wani abu a jikin mutum. Waɗansu sun gudu daga asibiti saboda wannan, tsoron kuma bai gushe ba lokacin da mashaƙo ya zo. Hanyar da tsinken ke bi tana ƙasan hanci, ƙashi kuma ya raba ta da ƙwaƙwalwa. Yana zuwa a rufe cikin takardarsa, marar lafiya yana da iko ya ce a buɗe a gabansa, ba a kuma amfani da ɗaya sau biyu. Abin da kan faru wani lokaci shi ne ɗan haɓo. Wanda aka taɓa yi wa aiki a hanci, ko ya taɓa karaya a fuska ko a kai, ko yake yawan haɓo, ko yake shan maganin tsinka jini, ya faɗa tun kafin a fara, domin a ɗauka ta wata hanya. Ƙaramin yaro kuwa, uwa ta zaunar da shi a cinyarta yana fuskantar gaba, hannu ɗaya ya riƙe hannayensa, ɗaya ya dafe goshinsa a ƙirjinta. Kada a yi masa ƙarya cewa ba zai ji kome ba, a ce masa zai ji kamar ruwa ya shiga hancinsa, kafin a ƙirga goma an gama.

Yaron da aka yi wa jinyar mashaƙo yakan sāke haɗuwa da tsinken bayan ya gama shan maganinsa. Akan ɗauki samfur sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24 tsakaninsu, in duka biyun suka nuna ba ƙwaya, an tabbatar ba zai ba 'yan'uwansa ba. Kafin a sallame shi kuma akan fara masa allurar rigakafi ko a cika masa wadda ta rage, domin kamuwa da mashaƙo ba kullum take hana sāke kamuwa ba.